Notunan da Ba Sa Tsatsa

Taubashina direba ne. Ɗan kawuna ne, kuma tun muna yara kowa a cikinmu yake kiran ɗan'uwansa bawa. Motarsa na bin hanyar Bagudo zuwa Illo, tsohuwa ce tukuf, ni dai na yi imani ta ɗauki Turawan mulki. Fasinjan tasha sa'a ne, yau akwai gobe babu. Abin da ke riƙe da gidansa shi ne wata Hajiya mai busasshen kifi, wadda ke ɗaukar shatar motar duk ranar kasuwar Illo. Sharaɗinta ɗaya ne: ta buɗe ƙofa da safe ta ga mota. Direbobin tasha kuwa duk sun san ƙofar nan, suna jiran ranar da zai makara.

Matsalarsa tsatsa. Da damina yakan kutsa ruwa har gwiwa, sai tsatsa ta cinye notunan da ke riƙe bakin salansa, wato bututun hayaƙi, a jikin inji. Da sun saki, motar ta fara ruri. Mutanen ƙauyen Sharabi sun ce in ya tada ta a Bagudo, kajinsu kan daina ƙwai.

Shagona na ɗinki yana kallon garejin da yake gyara, don haka komai a idona aka yi. Wata rana ya tsallaka iyaka wajen masu kayan Kwatano, ya dawo da ƙunshin leda, ya zube a kan kekena. Kusoshi ne masu haƙora da notunansu, an kwance su daga injin wata motar tsere. Na ɗauki ɗaya, ba nauyi, kamar alawa. Duk jikinsu shafe da wani maiƙo mai launin jan ƙarfe.

"Bawa, wanga fa titaniyam sunanai," in ji shi. "Da shi aka ƙera jirgin sama. Jefa shi kogin Kwara ka dawo baɗi, ba tsatsa."

"To sai ka nemo fukafukai," na ce, "don sauran motar duk tsatsa ce."

Ya kwashe kayansa ya tsallaka titi. Ana gobe kasuwa ke nan.

Kanikawanmu suna da ɗabi'u biyu da ba sa sauyawa. Duk abin da ya fito daga kayan gwanjo, sai an jiƙa shi a fetur an goge shi da buroshi har ya bushe tas, don maiƙon wani garejin a wajensu datti ne. Na biyu, ba su yarda noti ya ɗauru ba sai ya yi ƙara. Sai a zura bututu a ƙotar sifana, a danna har a ji ƙiii. Direbobi ma ƙarar suke jira. In ba su ji ba, sai su ce an yi musu aikin ganin ido. Da baƙin ƙarfen da muka saba da shi, wannan ba ta cika ɓaci ba.

Mai garejin dattijo ne da kowa ke kira Oga. Ya wanke kayan fes, har ya ɗaga ɗaya sama yana yaba shuɗin da ke ƙyalli a jikinsa. Ya kafa kusoshin a inji, ya maida bakin salansa, ya fara murɗa noti na farko. Bai kai rabi ba ya yi tauri, ya yi ƙara.

"Oga, ka ji shi ko? Tun bai zauna ba yana magana!" in ji taubashina.

"Awo, na ji. Amma da saura hwa, bai taɓa ƙarhe ba."

"To danna mai. Ko sai na kira tela ya taimake ka?"

Oga ya zura bututu, ya hau da dukan nauyinsa. Notin ya ɗan motsa, ya tsaya cak. Aka ce a juya baya. Ya ƙi. Oga ya taɓa shi ya janye yatsa, zafi kamar an sauke shi daga wuta. Suka ce ƙila wannan ne mai lahani, suka koma na biyu. Shi ma haka. A na uku kusar ta karye a cikin inji, Oga ya zauna daɓas a ƙasa da bututu a hannu.

Taubashina ya kira mai kayan a waya, ya saki murya kowa na ji. Tambayar farko da mutumin ya yi ita ce ina maiƙon. Ya ce shi titaniyam in ya gogi ɗan'uwansa a bushe, fatar haƙoran ke ɗayewa, su cije juna su manne kamar walda ba tare da wuta ba. Ƙarar nan alama ce a tsaya. Ana shafa masa maiƙon ne a murɗa a hankali, da awo.

"Oga, kai ka wanke shi!"

"Kana tsaye ina wankewa, har kana cewa in ƙara fetur."

Suka gwada injin huda. Kusar ta dakushe bakunan huda duk da ke garejin, ita ko gezau. Kafin magariba an yanke shawarar sai an kwance kan injin an kai birni.

Washegari da safe taubashina ya ari babur ya tafi ƙofar Hajiya don ya roƙi a yi masa haƙuri. Ya tarar da wata mota an ɗaure mata kwandunan kifi har sama. Hajiya ta gaishe shi da fara'a, ta tambayi iyali, sannan ta ce, "Malam direba, an ce yanzu jirgin sama kaka tuƙi. Mu kifinmu ƙasa yaka bi." Ta shiga gaba ta ja ƙofa.

An gyara motar daga baya. Oga ya ɗaura sauran notunan da maiƙo, yana murɗawa kamar mai sa wa jariri kwalli. Damina ta zo ta wuce, ta sake zuwa, ba su yi tsatsa ba, kuma kajin Sharabi sun huta. Hajiya dai ba ta dawo ba. Duk ranar kasuwa nakan ga ta wuce ta gaban shagona a waccan motar, shi kuma bawana yana tasha a kan layi, yana kiran Illo mutum ɗaya.