Akwatin da Inna Take Ciki

Ban san fuskar mahaifiyata ba. Ina goye ta rasu, kuma duk wanda na tambaya kamanninta sai ya ba ni wata mace daban. Wannan ya ce doguwa ce, wancan ya ce ko kafaɗarsa ba ta kai ba.

Abin da nake taƙama da shi wani baƙin akwatin ɗaukar hoto ne mai ido ɗaya, bai fi ƙaramin akushi ba. Mahaifina ya sayo shi a Maraɗi yana fatauci, da fim a ciki, a hannun wani tsoho da ya ce kayan zamanin Nasara ne. Sau ɗaya ya taɓa danna shi, ranar sunana, Inna na zaune a gindin rumbu a gidanmu na Unguwar Lalle. Wankin hoto sai Sakkwato, ya ce sai bayan kaka. Kafin kakar ta zo Inna ta rasu. Ya rataye akwatin a ɗakinsa, zuciya ta hana shi kaiwa.

"Innakka na ciki," haka yake ce mini. "Haske ka kashe hoto, kak ka buɗe."

Da na girma na bi sawu, aka ce masu wankin irin wannan fim sun ƙare, sai wani dattijo a Sakkwato. Lokacin kuwa 'yan bindiga sun tare hanyoyi, ko gona ta gagare mu. Muka kwashe muka koma garin Isa, wani ɗaki mai yoyo, da ni da Baba da ƙanwarsa, gwaggon da ta raine ni.

Gwaggo ba ta yarda da damshi ba. Damina na ɗagawa take fitar da komai rana, tabarma, tufafi, gero, da za ta iya har mu sai ta shanya. Wata azahar na dawo daga kasuwa na tarar da akwatin a buɗe bisa turmi. Fim ɗin kuma ga shi a warware kan igiya, kusa da rigar Baba, yana shan rana.

Na tambayi Gwaggo me ya sa ta buɗe shi. Ta ce ruwa ya shige shi har yana wari, yaya za ta bar matar ɗan'uwanta ta ruɓe?

"Na ɗaga shi ga rana daga hwarko har ƙarshe," ta ce, "ban gan ta ba. Ko ta hita?"

Na so in yi faɗa, na rasa da wa. Baƙin cikin da na ji ko ranar da muka bar gida ban ji shi ba. Na naɗe abin, na mayar, na rufe.

Idanun Baba sun riga sun tafi, bai ga komai ba. Har yanzu yakan sa a miƙo masa akwatin, ya shafa.

"In hanya ta yi kyau za ni Sakkwato da kaina," yakan ce, "ka ga uwakka."

Sai in ce Allah ya kai mu.