Ranar da Malama Ladi Ta Cire Ɗankwali

Malama Ladi Tanko 'yar Kagoro ce, amma a unguwar Gyaɗi-Gyaɗi ta haifi 'ya'yanta duka. A wata firamare da ke Tarauni take koyar da 'yan aji uku. Mace ce mai murya, in tana darasi har mai shayin bakin titi yana ji.

Wata Lahadi tana shirin tafiya coci ta ji wani ƙulli a nononta na hagu. Ta share. Sai da ya fara zugi, mijinta Peter ya matsa mata suka tafi asibitin gwamnati. Likita ya ce sankara ce. Aka cire nonon, aka shiga ɗura mata wani magani mai ƙarfi da ya zubar mata da suma, ko kunu ba ya zama a cikinta. Saura a ƙona ragowar cutar da na'ura, sai aka ce na'urar ta lalace.

"Ki dawo wani satin," haka ake ce mata kullum. Ita kuwa ba ta jiran wani satin. Kowace safiya sai ta hau adaidaita ta je ta zauna a benci, daidai ƙofar ɗakin na'urar.

Rannan ta tarar an shafe bangon da sabon fenti, an kwashe bencina. Mufida, wata nas da suka saba, ta jawo ta gefe.

"Mama, manya za su zo duba asibiti. An ce masu jira su koma bayan gini har su wuce."

"'Yata, ni shara ce da za a kai ni bayan gini?" in ji Ladi. Ta shimfiɗa gyalenta a ƙasa ta zauna.

Da tawagar ta iso, manyan riguna sai ƙamshi suke, ta dafa bango ta miƙe. Ta zare ɗankwalinta, kanta ya bayyana tal, ba ko gashi ɗaya.

"Ranka ya daɗe," ta ce wa babbansu, da muryar nan tata ta aji, "na ba da nonona, na ba da sumata. Abin da ya rage naku ne, yana bayan ƙofar nan."

Mai gadi ya taso zai janye ta. Mufida ta zo ta tsaya kusa da ita, ta ƙi matsawa.

"Za a duba, Hajiya," in ji babban.

"Sunana Ladi. Ga ku ga ƙofar, ku duba yanzu."

Ba yadda suka iya, aka buɗe. Na'urar na lulluɓe da tamfol, gizo-gizo ya yi saƙa a kai. Kafin su juyo, marasa lafiyan da aka ɓoye sun fito sun cika barandar, wasu a kan keken guragu.

Ba a gyara na'urar a wannan watan ba, har na bayansa. Dole Peter ya kai ta wani gari, suka sauka wurin ƙanwarsa, a can aka ƙarasa mata maganin. Ta dawo a rame, hannunta na hagu yana kumbura, amma gwaji ya nuna cutar ta kwanta. Mufida ce ta kira ta daga baya ta ce mata an kawo masu gyara.

Da ta koma makaranta, hedimasta Malam Lawan ya ce ya sama mata kujera a ofis don ta huta.

"Malam, na huta a benci har na gaji," ta ce.

Ta ɗauki alli a kan teburinsa ta wuce aji uku.