Ƙarfen da ya fitar da mu daga mangaza a Bouza

Jama'a, abin da zan gaya muku ni ya faru gare ni, ba ji na yi ba, kuma wallahi ban ƙara masa gishiri ba. Shekarun baya ne, lokacin ina koyar da wasannin motsa jiki a wata lakwal, wato makarantar boko, a Bouza, hutun damina ya kama ban tafi gida ba saboda wani abokina ɗan kokowa mai suna Illa, mutumin Tabotaki, da ya roƙe ni in shirya shi kafin zaɓen waɗanda za su wakilci jiha bayan kaka.

Muna da wani ƙarfe dunƙulalle mai mariƙi kamar buta, kilo ashirin da huɗu, wani mai walda a Madaoua ya haɗa mini shi da tsohon dutsen sikelin albasa. Wata biyu Illa na ɗaga shi a hankali, ya tsugunna da shi, ya zagaya fili da shi, ƙarfi kam ya samu, amma a fage nauyin jiki gare shi, kafin ya juya an riga an shige masa. Sai na ce lokaci ya yi da za mu ƙara wurgawa: ka saki ƙarfen ya wuce tsakanin ƙafafunka, ƙugu ya harbo shi har ƙirji, goma-goma ana hutawa, in hannu ya saba kuma a koma fizge shi sama da kai a tashi ɗaya. Wannan shi ke koya wa jiki zafin nama. Sharaɗina ɗaya ne, kada kowa ya tsaya gaban mai wurgawa.

To ruwa ya hana mu fili, ko'ina laka, shi ya sa muka koma wata tsohuwar mangaza ta ƙasa a bayan gari, inda a da ake ajiye hatsi. Ƙofarta ɗaya, dokin ƙofar ya kai tsawon taƙi, daga waje kuma hanya hawa take yi zuwa tudu, don kun san Bouza duk duwatsu ce. Gindin wata bishiyar bedi da ke gefen hanyar tudun akwai tsohuwa mai fura, Inna Tsahara, kullum muna gaisawa.

Ranar da abin ya faru da hantsi ne, rana ta fito tas bayan ruwan kwana biyu. Illa ya yi goma na farko lafiya, ya yi na biyu, a cikin na uku sai ƙarfen ya kuɓuce masa ya daki ƙasa kusa da ƙofa. Raina ya ɓaci, don mutumin nan in ya riƙe wuyan hannunka sai ka yi kwana uku kana jin wurin.

Na ce, "Illa, mi ya same ka? Da mutum na nan ai ka kashe shi."

Ya dube ni ya dubi tafin hannunsa, ya kira ni da sunan da ake kiran malamin lakwal, ya ce, "Mushe, ba ni na sake shi ba. Jan shi anka yi."

Na yi tsaki, na ce ya bar wannan zance, gumi ne. Na karɓa don in nuna masa yadda ake yi, ni da na shekara biyar ina wannan abu bai taɓa zame mini ba. Na wurga ɗaya, biyu, uku. A na huɗu, ya Salam, har yau in na tuna sai tsikar jikina ta tashi, na ji ƙarara an ɓamɓare mini yatsu ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda uwa ke karɓe wuƙa daga hannun ɗanta, ba da mugunta ba amma babu gardama. Ƙarfen ya tashi ya tsallake dokin ƙofa, ya faɗi waje, ya kama gangarawa. Ku lura, abu mai mariƙi ba ya gangara, tuntuɓe yake yi ya tsaya. Wannan kuwa tafiya yake yi, kuma sama yake yi, wajen tudu, inda Inna Tsahara take zaune.

Ba mu yi shawara ba, muka yi waje da gudu muna ihu ta kauce. Illa ya riga ni, ni kuma na bar takalmina da salulata duk a ciki. Ƙarfen ya tsaya cak kamar taku biyu daga ƙwaryar tsohuwa. Na buɗe baki zan ba ta haƙuri ke nan sai muka ji wata ƙara a bayanmu, rugum, ƙasa ta girgiza. Muka waiwaya, babu mangaza. Rufin gaba ɗaya ya zauna, azara da laka jiƙaƙƙa, daidai inda muke tsaye ko minti ɗaya ba a yi ba.

Illa, ƙaton da ke kayar da maza, ya zube ƙasa yana salati yana kuka, ni kuwa dariya ta kama ni, irin wadda ba ta daɗi. Inna ta miƙo mana ludayi ta ce, "Ku sha, ɗiyana, kwananku na gaba." Da muka ɗan natsu sai ta ce, "To ina na ukunku?"

Na ce, "Inna, mu biyu muke."

Ta ce, "A'a. Wanda ya hito gabanku hwa, dogo, da baƙin rawani, yana jaye da abin ga naku?"

Mutane suka taru, aka tone ƙasar har la'asar don kada a ce akwai wani a ciki. Ba kowa, sai takalmina da salula a farfashe. Da na je ɗaukar ƙarfen sai na ga sawun yatsu huɗu na jar laka a kan mariƙin, dogaye, sun fi na Illa tsawo, alhali mu toka muke shafawa a hannu saboda santsi. Na nuna wa liman, ya duba ya daɗe, ya ce mu yi sadaka mu gode wa Allah, kada mu tsananta bincike. Muka yi hakan, Illa ya yanka akuya, Inna ta samu cinya guda.

Horon bai tsaya ba, amma fili muka koma, ko ana yayyafi. Illa ya samu shiga cikin ƴan jiha a shekarar, yanzu ya bar kokowa yana noman albasa, ƴaƴansa biyar. In mun haɗu mukan yi hira a kan komai ban da wannan.

Ni dai shawarata gare ku, masu ɗaga ƙarfe da waɗanda ba su ɗagawa, kada ku shiga tsohon ginin ƙasa bayan ruwa mai yawa, komai kyan da ya yi muku daga waje. Ku yi bisimilla kafin ku kama aiki. In kuma abokinka ya ce maka an ja abu daga hannunsa, kada ka yi saurin ƙaryata shi kamar yadda na yi, ku fita waje tukuna, a yi gardamar a can.