Ranar da Na Tsaya a Soron Inna Mai Curi

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar surukata, wadda mutanen ƙauyenmu a ƙasar Ɗanbatta suke kira Inna Mai Curi. Ɓawon gyaɗa take ƙonawa a tsohon duro, ta daka, ta kwaɓa da kunun rogo, ta cura da hannu, ta shanya ya zama gawayi. A shekarun da kananzir ya gagari talaka, itace kuma ya yi wuya, da curinta mata suke ɗora tukunya.

Lokacin ne gwamnati ta kawo tallafin injin matsa gawayi, guda ɗaya ya faɗo wa mazaɓarmu. Mutum biyu suka nema: Inna, da wani ɗan kwangila, Alhaji Sale. Ni aka sa in duba aikinsu, don na yi firamare, kuma an shaide ni ba na karɓar na goro. Tambayar takardar da aka ba ni in cike guda ce: ka ga aikin da idonka?

A wajen Alhaji Sale na tarar da sabuwar rumfa da buhunan gawayi a jere. Ban tambayi wanda ya cura ba. Na rubuta na gani.

A gidan Inna kuwa soro na tsaya, don tun da na auri 'yarta ban taɓa wuce nan ba. Daga tsakar gida ta ɗaga murya: "Malam, shigo mana. Yau ai gwamnati ce ta zo, ba suruki ba." Na durƙusa na ce, "Ba komai, Inna, na san aikin." Da na zo cike takarda sai na ce sani daban, gani daban. Na rubuta ban gani ba, ina jin kaina mai gaskiya. Ban kuma gaya wa ofishin tallafin surukata ce ba, balle su turo wani.

Inji ya tafi wajen Alhaji Sale. Bayan damina aka gane buhunan nan a hannun Inna ya saye su. Injin bai taɓa aiki a garinmu ba, ba kuma wanda ya biyo sawunsa. Inna ba ta yi mini maganar ba har ta rasu. 'Yarta kawai ta gaya wa: "Mijinki kuɗi bai saye shi ba, kunya ta ɗauke shi kyauta."

Yau gas ya yi tsada, an sake buɗe tallafi, ta waya ake nema har da hoto. Da Inna tana raye tambaya ɗaya za ta yi: wa zai shiga cikin gida? Masu sana'ar mata ne, masu dubawa maza. An ce gani ya kori ji, amma sai ƙafa ta taka.

Matan da ta koya wa suna nan suna curi da hannu, kuma bana wasunsu sun nema. Na je ofis na roƙa a turo mace ta duba su. Wani ma'aikaci, sa'an ɗana, ya tambaye ni dalili. Da-na-sani ƙeya ce, amma na zauna na ba shi labarin duka, ban rage nawa laifin ba.

Allah Ya haskaka kabarinki, Inna, Ya yafe wa wanda kika yi wa shiru.