Ɗakin Iskar da Yaya Ya Haɗa wa Mma

Har ƙasa ta rufe idona ba zan manta da ɗakin da yayana ya toshe wa mahaifiyarmu a unguwarmu Maamobi ba, can a shekarun tamanin.

Mma mai sayar da waakye ce, wato shinkafa da wake, mace mai baki, in tana faɗa har bakin titi ake jiyo ta. Wani ƙari ya fito mata a muƙamuƙi. Likitoci suka yanke wurin, suka ciro ƙashi daga haƙarƙarinta suka dasa, amma dashen ya ƙi kamawa. Wurin ya soma ruwa da wari, abincinta ya koma koko ta gefen baki.

Da muka koma asibiti, likitan ya ce a Turai akwai wani ɗakin ƙarfe da ake rufe majinyaci a ciki, a matsa masa iskar oksijin da ƙarfi har ta ratsa jini, ƙashin ya farfaɗo ya tsiro. "Mu nan ba mu da shi," ya ce, ya kawar da kai.

Yaya mai walda ne, ga taurin kai. Muna fitowa ya ce mini, "Oksijin ɗin nan ai da shi muke aiki a shago. Ni zan yi ma Mma nata."

Ya gangaro da tukunyar iska har gida, ya cusa tsumma a taga da ƙasan ƙofa, ya roƙi matan gidan hayarmu su kai kurfotinsu na gawayi waje kada gobara ta tashi. Kullum da hantsi sai Mma ta shiga ta zauna, iska na huci, gumi na zuba. Ba mu san cewa ɗakin haya ba ya riƙe iska ba, ko kuma ba mu so mu sani ba.

Wata rana ina goge mata haɓa na ce, "Mma, kina jin sauƙi kuwa?"

Ta girgiza kai.

"To don me kike shan wannan zafi?"

Da ƙyar maganar ta fito. "In na shiga, yayanki yana iya cin abinci."

Na fita bayan gida na yi kukan da ban taɓa yi ba. Ba ta kai azumi ba ta rasu. Yaya kuwa bai sake riƙe abin walda ba.

Tun daga nan na gane cewa wani maganin ba don majinyaci ake yin sa ba. Shi ne ke daurewa ya sha, don mu masu lafiya mu iya tsayuwa da ƙafafunmu.