Lambar Inji

A kasuwar tsofaffin motoci ta Detroit, wani dattijo yana zaune gefen jar motarsa ƙirar Charger, an ɗinka sunansa, Orville, a ƙirjin riga. Baƙin mai ya zauna a faratansa, da gani a ƙarƙashin mota ya tsufa. Tun safe masu saye suna wuce shi, suna yanyame Mustang ɗin maƙwabcinsa da ba a taɓa wahalar da ita ba.

Wani ɗan gayu ya haska tocila cikin injin motar dattijon. "Baba, lambar injin nan ba ta asali ba ce."

"Na asalin ya ƙone a tsere. Wannan ya fi shi gudu. In tayar ka ji?"

"Bar shi, ba hawa zan yi ba, ajiyewa zan yi."

Orville ya mayar da makulli aljihu, a gajiye. "To je ka wajen waccan Mustang ɗin. Ita ma, kamar kai, ba ta taɓa zuwa ko'ina ba."