Duban da Fure Ba Ta So Yi Ba

Ni dai ban yarda da duba ba, Allah Ya sani, kuma na sha faɗa wa Fure haka ido da ido. Sai ta yi dariya ta ce, "Maman Khairat, to me ya zaunar da ke a tabarmata?" Gulma mana! Katanga ɗaya ce tsakaninmu a Kontagora, kuma matar nan ta iya labari.

Bakambara ce daga wajen Ibeto. Da mijinta ya rasu ta dawo gari da ɗanta tilo, Jacob, da ƙunshin wuri da ta gada wajen kakarta. Sau uku take watsa wurin a faifai: na farko inda ka fito, na biyu inda kake, na uku inda za ka. Kowane mutum da ke cikin maganar sai ta ware masa wurinsa. Wanda ya faɗi a buɗe, da sauran tafiya. Wanda ya fice daga faifan, shi ke nan. Ƙa'idarta ɗaya ce, kakarta ta rantsar da ita a kai: ba a duba wa jininka.

Da daminar bara 'yan bindiga suka tare mota a hanyar Bobi, suka kwashe mutane. Jacob na ciki, ya tafi aikin gona shi da abokinsa Lukman. Wayyo, Fure ta rame kamar ba ita ba. Faifan na rataye a gabanta, ba ta taɓa shi. Har ni da bakina na ce, "Ki watsa mana, ko kya samu barci!" Ta harare ni.

Sai ga Ruka, uwar Lukman, ta zo ta durƙusa tana kuka a duba mata ɗanta. Fure ta ƙi, ta ƙi. Ruka ta riƙe mata ƙafa ta ce, "Yaya, nawa ai ba jininki ba ne." Gaskiya ne. Amma tare aka tafi da su, dole a ware wa abokin tafiya nasa wurin. Ina kallo ta ɗauko shi.

Ta watsa na farko ta ce, "Ga yara biyu, kwano ɗaya." Na biyu: "Ga daji, ga yunwa, amma suna tare." Ta daɗe kafin ta watsa na uku. Wuri ɗaya ya tsaya a buɗe. Ɗayan ya gangara ya faɗo, ya tsaya a gindin murhu.

Ruka ta ce, "Wanne ne?"

Fure ta ce, "Tashi ki je ki gyara ɗaki, naki na hanya."

Ruka ta fita da guɗa, ko waiwaye ba ta yi ba. Ban ga laifinta ba, amma na ji haushinta, wallahi.

Bayan girbi Lukman ya dawo, ƙafafu a kumbure. Ya zo gidan Fure da hular Jacob a hannu, ya miƙa mata. Ta karɓa ta ce, "Sannu da hanya, ɗana. Ka ci abinci?"

Ta bar duba tun ranar, yanzu gyaɗa take soyawa a bakin tasha. Wurin nan yana gindin murhu har yau. In tana shara, sai ta kewaye shi.